Tantabarun ado: ƙwai na yin dungu, 'yan shila na mutuwa, ga shi ina son shiga gasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina kiwon tantabarun gida ba tare da matsala ba. Bana na sayi na ado: mace da namiji na Fantel masu buɗaɗɗiyar jela, da mace da namiji na Satinet masu gajeren baki. Fantel ɗin suna yin ƙwai, su kwanta, amma sai ya yi dungu. Satinet kuwa suna ƙyanƙyashewa, sai 'yan shilan su mutu cikin kwana biyu ko uku. Ƙungiyarmu ta masu kiwo tana shirin gasar baje koli, ina son in shiga da waɗanda na ƙyanƙyashe da kaina. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matsalolin nan biyu tushensu ɗaya. Siffar da ta sa tsuntsayen suka yi tsada ita ce take hana su hayayyafa yadda na gida suke yi, don haka sai ka sa hannu.

Mu fara da Fantel. Tantabarar gida gashin jelarta 12 ne, Fantel kuwa tana da 30 zuwa 40, ga laushin gashi cunkushe a kewayen dubura. Namiji zai hau, kai ka ga kamar an yi barbara, alhali jikinsu bai haɗu ba. Kafin ka ɗauki mataki, haska ƙwan da tocilan a cikin duhu a kwana na 5 ko na 6 da fara kwanci. In ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu, akwai ɗa. In ƙwan fayau yake, barbarar ce ba ta kama ba. To sai ka sa almakashi ka datse gashi uku zuwa huɗu a kowane gefen jelar, macen da namijin duka, ka kuma rage laushin gashin da ke kewaye da dubura. Datsewa za ka yi, ban da fizgewa, domin gashin da aka fizge yana sake tsirowa cikin mako shida, wanda aka datse kuwa yana nan har lokacin zubar gashi. Amma ka sani, tsuntsun da aka datse wa jela ba shi da gasa sai ya sake sabon gashi. Shi ya sa masu kiwo suke ware na haihuwa daban, na nuni daban. Ka kuma keɓe su a kejinsu mai faɗi, saboda a ɗakin haɗaka wasu mazan sukan ture namijin Fantel kafin ya gama.

In kuwa akwai ɗa a ƙwan amma yana mutuwa kafin kwana 18 ɗin ƙyanƙyasa su cika, duba abu biyu. Na farko bushewar iska a lokacin hunturu da bazara, wadda ke sa fatar cikin ƙwai ta yi tauri. Ba iyayen ruwan wanka sau biyu a mako, su koma kan ƙwan da ɗan danshi. Na biyu cutar salmonela, wadda ɓeraye ke yaɗawa a hatsi. Alamarta kumburin gaɓar fiffike ko ƙafa da rama, kuma wannan aikin likitan dabbobi ne.

Batun Satinet ya fi buƙatar shiri. Ɗan shila ba ya cin hatsi a kwanakinsa na farko. Uwa da uba duka suna samar da wani farin abu mai kauri a jakar abincin da ke ƙasan wuyansu, shi ne nonon tantabara, ɗan kuma yana cusa bakinsa cikin nasu ya sha. Idan bakin iyaye gajere ne ƙwarai, na ɗan ma haka, ba sa iya kama juna, sai yunwa ta kashe shi. Ka taɓa ƙasan wuyan ɗan da yamma. In babu komai a ciki, ka samu amsarka.

Maganin yana cikin gidanka: tantabarunka na gida su ne masu raino. Ka ware biyu ko uku daga cikin ma'auratan da ka san suna ciyar da 'ya'ya da kyau, don kowane mace da namiji na Satinet. Sharaɗin shi ne lokaci. Tantabara tana yin ƙwai biyu, tsakaninsu kusan kwana biyu, kuma nonon yana zuwa ne daidai ƙarshen kwanci. Saboda haka sai ka musanya ƙwan da na masu rainon da suka yi nasu a rana ɗaya, ko da tazarar da ba ta wuce kwana biyu ba. In ɗan ya fito da wuri, nono bai zo ba. In ya makara, masu rainon sun gaji sun tashi. Rubuta ranar kowane ƙwai a jikinsa da fensir. Kada kuma ka riƙa kwashe wa macen Satinet ƙwai a jere, domin za ta sake yi cikin kwana goma, ta ƙare da ƙwai mai taushin ɓawo. Bar mata ƙwan na gida ta kwanta a kai ta huta.

Buɗe bakin ɗan da ya mutu ma yana da amfani. Rawayan abu manne a maƙogwaro alamar cutar kanka ce, iyaye ke ɗura wa 'ya'ya ita ta nono. Ana maganinta da metronidazol ko ronidazol, kuma a ba masu rainon tun suna kwanci, bisa awon da likita ya tsara. Rigakafin cutar murɗewar wuya, PMV, wajibi ne ga duk tsuntsun da zai shiga taro.

Abinci gram 30 zuwa 40 a rana ga kowace tantabara: dawa, alkama, gero, ƙananan masara, da wake ko makamancinsa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu a lokacin raino. Ga masu gajeren baki, ƙananan ƙwayoyi kawai. Tsakuwa, dakakken ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo) da ɗan gishiri su kasance a ajiye kullum. Sheƙa kuma kasko biyu ga kowane ma'aurata, a zuba yashi da ciyawa, don santsi yana raba ƙafafun ɗan shila.

Game da gasa, abin da ba ya jira shi ne zobe. Ana sa rufaffen zoben ƙungiya mai lamba da shekara a ƙafar ɗan shila yana kwana 5 zuwa 8: yatsu uku na gaba su shiga tare, a kwantar da na baya a jikin ƙafa a zaro shi. In ya wuce haka, ba ya shiga, kuma zoben ne shaidar cewa tsuntsun na bana ne. Galibi ana raba aji huɗu: tsohon namiji, tsohuwar mace, saurayi da budurwa. Alƙali yana auna tsuntsu ne da rubutaccen ma'aunin irinsa, kamar wanda ƙungiyar masu kiwon tantabara ta Amurka, NPA, da aka kafa a 1920, take wallafawa. Tambayi shugabanninku wanne za su bi, ka kuma tantance Fantel ɗinka: ta Indiya tana da tukku da gashin ƙafa, ta Amurka da Ingila ba ta da su, kuma ana son ta tsaya a kan yatsu, ƙirji sama, kai a kwance a gindin jela.

Mako uku kafin ranar, riƙa sa tsuntsun a ƙaramin kejin nuni na minti 15 zuwa 20 kullum, kana taɓa shi da siririyar sanda har ya saba tsayuwa. Wanka na ƙarshe kwana huɗu ko biyar kafin gasa, don farin garin da ke sa gashi sheƙi ya dawo. Duba ƙwarƙwata a ƙarƙashin fiffike, goge ƙafafu da ɗanyen tsumma. Bayan an dawo, keɓe shi mako biyu zuwa uku kafin ya koma cikin sauran.