Masauki a Zanzibar, amma fili da sunan suruki

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Mijin ƙanwata mutumin Zanzibar ne. Ya ce in turo dala 60,000 ya sayi fili a ƙauyen Jambiani da sunansa, mu gina masauki mai ɗaki uku a bakin teku, wai Turawa na biyan dala 100 duk dare. In shiga?

Amsa: Alhaji, wurin kam ba shi da laifi, akwai abin da ke jawo baƙi. Dajin Jozani, inda ake ganin jan birin da ya yi suna a tsibirin, bai yi nisa da Jambiani ba. A Kizimkazi ana fita da baƙi cikin jirgin ruwa kallon dolfin, ga kuma tsohon masallacin garin mai rubutun shekarar 1107 miladiyya. Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2000, kuma kullum baƙi na tururuwa zuwa cocin da aka gina a gurbin kasuwar bayin da aka rufe a 1873.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne "da sunansa". A dokar Zanzibar, ƙasa duka ta gwamnati ce. Baƙo ba ya mallakar fili, sai dai ya karɓi haya ta shekaru masu yawa, galibi ta hannun hukumar zuba jari ta ZIPA. In takarda ta fita da sunan surukinka, to gidan nasa ne a idon hukuma, kai kuwa kyauta ka yi masa. Ban ce macuci ba ne. Amma aure yana mutuwa, mutum ma yana mutuwa. Na san wani bawan Allah da ya yi irin wannan da amininsa. Amanar ba ta karye ba, aminin ne ya rasu, magada suka sa gidan cikin gado, shi kuwa ba shi da komai a hannu sai rasit ɗin tura kuɗi. Ranar da hakan ta same ka, ƙanwarka ce za ta shiga tsaka mai wuya.

Wannan dala 100 ɗin ma, daina ninka ta sau 365. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ake shekawa, ɗakuna na zama wayam. Booking.com, shafin intanet da baƙi ke kama ɗaki ta cikinsa, kan cire kusan kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ɗakin. Wutar tsibirin ta ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin Tanzaniya, kuma ta taɓa ɗaukewa kusan wata uku, daga Disamban 2009 zuwa Maris 2010, don haka sola ko janareta dole ne. Ga tankin ruwa, ga mai gadi, ga gishirin teku mai cin ƙarfe.

Kada ka tura ko sisi tukuna. Ka je da ƙafarka, ka ɗauki lauya wanda ba surukinka ne ya haɗa ku ba, ku yi rajistar kamfani, hayar filin ta fita da sunan kamfanin. Shi kuma a ba shi kaso da albashin kula da gida, a rubuce, gaban shaidu.