Tambaya da Amsa: Me ya kamata in ƙara wa sabuwar bindigar farauta?

Tambaya: Ni manomi ne a yankin Ringim, ina taɓa farauta bayan girbi. Ina da lasisin bindiga mai baki ɗaya. Wani ya yi mini tallar irin wadda ke loda kanta bayan kowane harbi, ya ce lasisina zai rufe ta. Haka ne?

Amsa: Malam, ba haka ba ne, kada ka ba da ko sisi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne na haramtattu, wanda sai da izinin shugaban ƙasa. Na biyu shi ne na bindigogin da mutum zai iya riƙewa da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku kuma na ɗure ne, irin su adaka, da ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigar tsuntsaye, wato mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, tana gida na biyu, amma dokar ta cire mai loda kanta da duk wadda aka yi wa wata na'urar sake lodi, ta mayar da su cikin haramtattu. Sannan lasisi na bindiga guda ne, da lambarta a rubuce. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Kafin kowane ciniki, ka je hedikwata a Dutse, ko Bompai ga mutanen Kano, ka ji daga bakin masu kula da makamai.

Tambaya: Na sayi mai baki biyu ƙirar Turkiyya, mai faɗin bututu lamba 12, takarduna cikakku ne. Abokai suna cewa in sa mata madubin hange da tocila. Da me zan fara? Daga mai karatu a Birnin Kudu.

Amsa: Alhaji, ajiye kuɗin madubin nan. Bindigar da ke watsa dalma ba a saita ta kamar mai harsashi guda. Ido biyu a buɗe ake bin tsuntsu da ita, kuma amfaninta bai wuce mita 35 zuwa 40 ba. Madubi zai ƙuntata maka gani, ga shi idan ta yi naushi yana iya fasa maka gira. Tocila kuwa ba ma goyon bayanta ko kaɗan: ido biyu masu ƙyalli a duhu na iya zama na ɗan maraƙin makiyayi, ko a samu mutum tsugune a bayansu.

Fara da auna gindinta da jikinka, domin nan ne yawancin kuskuren harbi ke fitowa. Ka karya ta, wato ka buɗe ta a mahaɗarta, ka tabbatar ba komai a ciki, ka rufe. Sa rigar da kake fita daji da ita, ka runtse ido, ka ɗaga ta zuwa kafaɗa kuncinka ya kwanta a kan katakon, sannan ka buɗe ido. Tsakanin hancinka da gindin babban yatsan hannun da ke riƙe da wuyanta ya kamata a samu faɗin yatsu biyu. In yatsan yana taɓa hanci, gindin ya yi maka gajere. In kuma yana sarƙewa a hammata wajen ɗagawa, ya yi tsawo. Galibin sababbi suna zuwa da kimanin santimita 36 daga kunama zuwa ƙarshen gindi. Takalmin roba da ake sa wa gindi yana ƙara kusan santimita 2 da rabi, yana kuma rage naushi sosai. A wurinmu shi ne sayayya ta farko. Akwai na zurawa kamar safa, akwai na ɗaurewa da kusoshi biyu. Na zurawan ya fi araha, sai dai yana tara gumi da raɓa a ƙarƙashinsa har katako ya canja launi, don haka a riƙa cire shi da damina.

Na biyu maratayi. Fatar da dukawanmu ke yi ta wadatar, mai faɗin santimita 3 zuwa 4 a inda take hawa kafaɗa. Abin kula shi ne maƙalan: a sayi zobban ƙarfe da aka yi domin aikin. Kada a ɗaura igiya a jikin kariyar kunama, kuma kada kowa ya huda bututu ko ya kai masa walda. Ramin kusa a katako a fara buɗe shi da siririn mahuji, in ba haka ba katakon zai tsage. Na uku kunnuwanka: ƙarar wannan bindiga ta haura dasibel 150 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Matoshin kunne na soso kuɗinsa kaɗan ne.

Tambaya: A cikin kwalin sabuwar bindigata akwai wasu gajerun bututai guda biyar da ɗan mabuɗi. Mene ne aikinsu? Daga Rano.

Amsa: Su ne maƙogwaron bindiga, masu sayarwa suna ce musu cok. Ana murɗa su a cikin baki domin su matse dalma ko su bar ta ta bazu. Dubi bakin kowanne za ka ga tsaga. A yawancin kamfanoni tsaga ɗaya ita ce mafi matsi, uku matsakaici, huɗu mai ɗan buɗewa, biyar kuma a buɗe take.

Ma'aunin da aka saba da shi shi ne da'ira mai faɗin santimita 76 a nisan mita 36. Mafi matsi yana zuba kusan kashi 70 cikin 100 na dalma a cikinta, matsakaici 60, mai ɗan buɗewa 50, buɗaɗɗe 40. Wannan a rubuce ke nan; taka bindigar sai ka gwada. Nemi kwali mai faɗin mita ɗaya, ka kafe shi a gaban tudu ko gaɓar kududdufi, inda ba hanya ba gona a baya, domin dalma lamba 6 (lambar girman ƙwayar dalma ce) tana iya wuce mita 200. Yi ɗigo a tsakiya, harba sau ɗaya, ka canja kwali, har sau uku ga kowane baki. Harsashi mai giram 32 lamba 6 yana ɗauke da ƙwayoyi tsakanin 250 da 300, gwargwadon kamfani. Abu biyu za ka duba: ina tsakiyar tarin ya faɗa, kuma akwai gurbin da fakara za ta shige ba a taɓa ta ba? In gurbi ya yi yawa, gwada wani kamfanin harsashi kafin ka zargi bindiga.

Ga fakara da hasbiya da ke tashi kusa a cikin karan dawa, sa mai tsaga huɗu a bakin da ke fara tashi, mai uku a na biyu. Zabon daji yana da taurin gashi kuma yana tashi daga nesa, sai a koma dalma lamba 4, wadda ƙwayarta ta fi girma, da matsakaici. Mutane suna son mafi matsi saboda a ganinsu ya fi ƙarfi, alhali a mita 20 ko dai ka kuskure gaba ɗaya ko ka dagargaza naman. Kuskure uku ke lalata waɗannan bututai: harbi ba tare da ko ɗaya a ciki ba, wanda ke cinye zaren da ake murɗa su a kai, barinsa ya yi sako-sako har hayaƙi ya shiga bayansa ya kumbura bakin, da barinsa ba maiko har tsatsa ta like shi. Shafa ɗan giris a zaren, ka riƙa duba ɗaurinsa bindiga tana karye babu harsashi. Kuma wannan duk a inda aka halatta farauta ne; dajin Falgore da na Baturiya wuraren kare namun daji ne.

Tambaya: An ce in rage tsawon bututun a wurin maƙeri don ta yi sauƙin ɗauka a babur, in kuma riƙa sa manyan harsasai. Daga Gumel.

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun a'a. Doka ta hana gajarta bututun irin wannan bindiga ƙasa da inci 20, kuma gyaran makami sai a wurin da hukuma ta amince. Ban da haka, matsin yana can a bakin ne. Ka yanke shi, ka zubar da shi. Abin da kake bukata jaka ce: mai karyewa tana rabuwa gida biyu ta shiga jakar da ba ta kai mita ba.

Maganar harsashi ta fi haɗari. Duba jikin bututun, za ka ga 12/70 ko 12/76. Lambar ta biyu tsawon ɗakin harsashi ce da milimita, kuma ana auna ta ne da kwanson da aka harba ya buɗe. Shi ya sa mai 76 yake shiga ɗaki mai 70 lafiya lau, mutum ya zaci daidai ne. Da an harba, bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa, sai matsi ya hau. Gajere a dogon ɗaki ba laifi, dogo a gajere kuwa kada ka kuskura.

Tambaya: Wane mai ya dace da bindiga? Ina amfani da baƙin mai. Daga Auyo.

Amsa: Daina. Baƙin mai yana ɗauke da dattin inji, man gyaɗa da man ja kuma suna daskarewa su danƙare allurar da ke dukan harsashi. In ba man bindiga, man keken ɗinki zai yi. Bayan kowace fita, tura burushin tagulla daga ɗakin harsashi zuwa baki, bi da busasshen tsumma har ya fito fes, sannan tsumma mai ɗigon mai biyu ko uku. Da hunturu a rage mai, domin da ya haɗu da ƙura yakan ci ƙarfe a mahaɗa. A yankinku na fadama tsatsa ce matsalar, kada ka bar ta cikin jakar fata kwana da kwanaki.

Bindigar da aka jingine a kusurwar ɗaki kuma zanzaro yana son ta. Yakan gina ɗakinsa na laka a cikin bututu, kuma harbi a kan toshewa yana fasa ƙarfe. Kafin ka loda, karya ta ka leƙa ta baya sai ka ga haske sarai. Sa maƙeri ya ƙera maka akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu a kafe shi a bango, harsasai kuma a wani akwatin dabam, makullan a aljihunka.