Fankar laftof ɗina tana ƙara kamar injin markaɗe

Tambaya: Malam, da tsohuwar HP nake buga wa mutane takardu a Agege. Fankarta na ƙara kamar injin markaɗe, da na kunna sai ta nuna 90B, can sai ta kashe kanta. Wani mai gyara ya ce in na canza fanka in shafa man goge baki a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Ina tsoro, ita ce hanyar abincina.

Amsa: Malam, daina kunna ta tukuna. 90B na nufin fanka ba ta juyawa yadda ya kamata, ƙarar kuma gindinta ne ya ci. Cire caja da batir, kwance tsohuwar fankar, ka tafi da ita Computer Village a Ikeja. Dubi takardar da ke manne a bayanta: lambar samfuri da ƙarfin wuta, galibi bolt 5 ne a laftof. Ƙirga wayoyin fulogin, uku ne ko huɗu, ka sa a gwada maka sabuwar a gabanka. Kafin ɗaurawa, share haƙoran tagullar da iska ke fita, za ka tarar ƙura ta dunƙule a wurin kamar auduga.

Maganar man goge baki kuwa, wallahi ta ishe mu. Kullum sai an kawo mana na'urar da aka yi wa wannan aika-aika. Man haƙori ruwa ne a cikinsa. Ranar farko za ka ga zafi ya sauka, ka yi ta sa wa mai gyara albarka. Da ya bushe sai ya tsage kamar laka a rani, iska ta shiga tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi, sai zafin ya doshi digiri 100 alhali sabuwar fanka na ta juyi a banza. Wasu har man gyaɗa suke ɗiga wa fanka, ƙura ta like ta daskare. Mai gyara ya riga ya karɓi kuɗinsa, kai aka bari da asara. Masu gyara, amanar abincin mutane aka ba ku, ku ji tsoron Allah!

In ka ɗaga ƙarfen, goge tsohon man da sifirit, ka ɗiga man sanyaya furosesa na gaske, kamar ƙwayar shinkafa ɗaya. Notuna huɗun da ke riƙe da ƙarfen suna da lamba a gefe, wajen ɗaurewa bi su daga 1 zuwa 4, kaɗan-kaɗan. Kada ka manta da mayar da fulogin fanka kafin ka rufe.