Tambayi Likita: Tayil mai kashe ƙwayoyin cuta da sauran tambayoyinku

Salamu alaikum jama'a. Wata Hajiya daga Jidda ta rubuto tana gyaran kicin da hamam (banɗaki), mai shagon balat (wato tayil) ya nuna mata wani tayil ya ce yana kashe kashi 99.9 na ƙwayoyin cuta amma ya fi na kullum tsada, tana so ta san ko zai rage wa jikokinta yawan gudawa.

Hajiya ba ƙarya ya yi miki ba. Wannan sheƙin da kike gani a saman tayil gilashi ne da ake gasawa a wuta sama da digiri 1000, to a cikinsa ake zuba 'yar azurfa ko jan ƙarfe ko zink, in danshi ya taɓa sai ƙarfen ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan yana lalata bakteriya ya hana ta hayayyafa. Akwai kuma mai sinadarin titaniyam wanda kamfanin TOTO na Japan ya yi suna da shi, shi kuma sai haske ya buge shi yake aiki, kin ga hamam ɗin da ko taga babu ba wani abin kirki zai tsinana ba.

Amma ki ji yadda ake samo 99.9 ɗin nan. A gwajin da aka fi yi, ISO 22196, ana ɗiga ƙwayoyin cuta a kan tayil mai tsabta fes, a rufe da leda, a bar shi awa 24 cikin danshi da ɗumin digiri 35. Awa 24 fa Hajiya! Ke kuwa kin wanke kaza ruwan ya fantsama a kan kantar kicin, bayan minti goma yaro ya zo ya ajiye burodinsa a wurin, wane tayil ne zai cece shi? Kuma da zarar maiƙo ya kwanta a kai ƙwayar ba ta ma taɓa gilashin balle ya kashe ta. Ni abin da ya fi damuna shi ne tarwiba, farin simintin nan da ke tsakanin tayil da tayil, shi ke shan ruwa ya yi baƙi, nan datti ke kwana. In da hali ki saya ba laifi, in babu ki ɗauki tayil na kullum manya-manya don layukan su ragu, ki sa a yi tarwiba mai kyau. Gudawar yara kuma ki fara duba tankin ruwan gidan, yaushe rabon da a wanke shi, sannan sabulu a hannu bayan bayi da kafin cin abinci.

Wani magidanci daga Makka ya ce uwargida ta sayo tangaran na hannu a haraj, wato kasuwar gwanjo, masu ja da rawaya, wasu sun yi tsage-tsage kamar gashi, ko a ci abinci a ciki?

Malam wannan tambayar ta fi ta farko nauyi wallahi. Tsofaffin tangaran da waɗanda ba a san inda aka yi su ba wani lokacin akwai dalma a fentinsu, abu mai tsami irin lemun tsami, tsamiya, miyar tumatir ko zoɓo yana jawo ta cikin abinci, musamman da zafi. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, bai kamata mu yi wasa da ita ba, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama ba. Masu tsagewar nan a daina ci a ciki, masu launin kuma a bar su ado a kabad. In yara sun daɗe suna ci a ciki a nemi gwajin dalma a jini.

Sai wata 'yar'uwa mai aikin gida a Riyad, ta ce tana haɗa Clorox (ruwan bilic) da Flash (ruwan wanke bayi) don balat ya yi fari, amma duk ranar da ta yi sai tari da ƙunar ido.

Ƙanwata don Allah ki daina daga yau, ko uwar ɗakinki ce ta ce ki haɗa ki nuna mata wannan amsar. Flash asid ne, in ya haɗu da Clorox iskar kulorin ke tashi, guba ce mai ƙona huhu, a hamam rufaffe tana iya kayar da mutum. Ɗaya kawai za ki yi amfani da shi, ki sirka da ruwa, ƙofa a buɗe, safar hannu a hannu. In kin shaƙa ki fita iska nan take ki wanke idonki da ruwa mai yawa, in ƙirji ya riƙe ko numfashi na fita da ƙyar a kira motar asibiti a 997, kar a tsaya ba ki madara.