Filin Amsa Tambayoyinku: Kalmomin Turanci Masu Rikita Mai Koyo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, kuma malaminmu na Turanci ya soke jimlar da na rubuta, wato "Please borrow me your book", alhali kullum ina jin mutane suna faɗin haka. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku yana da gaskiya, kuma yawan masu faɗin jimlar bai mayar da ita daidai ba. Tushen matsalar yana cikin harshenmu, domin a Hausa saiwa ɗaya ce take ɗauke da bayarwa da karɓa: muna cewa "ara mini littafinka", muna kuma cewa "na ari littafinsa". Haka rance yake, "ranta mini kuɗi" da "na ranci kuɗi". Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu, ya ba kowanne kalmarsa. Mai bayarwa shi ne yake yin lend, mai karɓa kuma shi yake yin borrow. Saboda haka, idan littafin kike so, sai ki ce "Please lend me your book", ko kuma "May I borrow your book?", kuma duk biyun daidai ne, sai dai ta farko tana magana a kan abin da mai littafin zai yi, ta biyu kuma a kan abin da ke za ki yi. Ki lura cewa borrow tana tafiya da from, lend kuma da to, sannan idan abin ya wuce ana cewa borrowed da lent. Irin wannan tarkon yana nan a teach da learn, tunda mu muna cewa "koya mini" da "na koyi karatu" daga saiwa guda. Kafin ki zaɓi kalma, ki tambayi kanki: abin nan fita yake daga hannun mai aikatawa, ko shiga yake?

Tambaya: Malam, aikina ya ƙunshi rubuta wasiƙu da yawa, kuma nakan rasa wadda zan rubuta tsakanin advice da advise, haka nan affect da effect.

Amsa: Ɗan'uwa, a nan haddar ma'ana ba za ta fisshe ka ba, domin ma'anar kusan ɗaya ce, abin dubawa shi ne aikin da kalmar take yi a cikin jimla. Advice suna ce, wato shawara, kuma ƙarshenta yana fita da sautin s. Advise aikatau ce, wato ba da shawara, ƙarshenta kuma da sautin z. Ba a ƙirga advice, don haka babu "an advice" babu "advices", sai dai a ce "a piece of advice" ko "some advice". Tsarin rubuta suna da c, aikatau kuma da s, ya shafi practice da practise, da licence da license, a Turancin Ingila. Amurkawa kuwa, waɗanda ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafa salon rubutunsu, suna rubuta practice da license ga suna da aikatau baki ɗaya. A ganina, wanda yake rubuta wasiƙun aiki ya zaɓi salo ɗaya ya tsaya a kansa, domin cakuɗa su shi ne abin da mai karatu yake saurin gani.

Affect aikatau ce mai nufin shafar abu, effect kuma suna ce mai nufin tasiri ko sakamako: "The rain affected the match", amma "The rain had an effect on the match". Akwai togaciya guda da za ka riƙa gamuwa da ita a takardun hukuma, inda "to effect a change" take nufin kawo canjin, ba shafarsa ba.

Tambaya: Malam, shin kwamfuta ba za ta gyara mini lose da loose, ko its da it's ba?

Amsa: Kada ka dogara da ita, domin mai duba rubutu na kwamfuta yakan bar kalmar da aka rubuta daidai ko da an sa ta a gurbin da ba nata ba. Lose tana nufin rasa abu ko shan kaye, loose kuma abin da ya yi sako-sako. It's taƙaitawar "it is" ko "it has" ce, its kuma mallaka take nunawa. Ka warware taƙaitawar ka sake karanta jimlar. Idan "it is" ko "it has" ba ta zauna a wurin ba, to its ce ake bukata.