Garmar ƙanƙara a Kanada, lodin gero a Dakoro

Wasiƙun wannan mako kusan duk na masu akori-kura ne, sai guda ɗaya da ta fito daga hannun uwa. Da ita zan fara, don ita ce ba ta barci.

Wata Hajiya daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi ta rubuto: "Malam, yaron nan nawa yana Mantiriyal ta ƙasar Kanada shekara 6 ke nan. Ya sayi babbar akori-kura, Ford F-250 ya ce sunanta. Yanzu ya matsa in sayar masa da filinsa na nan, in tura kuɗin ya sayi wani ƙarfe da ake ɗaura wa gaban mota ana ture dusar ƙanƙara, wai sana'a ce. Ni ban san ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa da ruwan bazara. Ko cutarsa za a yi?"

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba ƙarya ya yi miki ba. Garin da yake, dusar da ke zuba a shekara tana kai kusan mita 2, daga wajen Disamba har Maris, kuma mutane na biyan kuɗi a share musu ƙofar gida da wurin ajiye motoci. Ƙarfen da yake magana kamar garma yake, sai dai faɗinsa ga irin motarsa mita 2 da rabi ne ko fiye kaɗan, nauyinsa da ƙarafan ɗaurawa ya kan kai kilo 350 zuwa 450. Motar tasa ma ta dace, don irinta ake ɗaura wa, ita da Ram 2500 da Silverado 2500HD. Amma kafin ki kira dillali, ki sa ya amsa miki wasu abubuwa, ko ki ba ƙanensa mai karatu ya tambaye shi.

Ya buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar da ta faɗi iyakar nauyin da ƙafafun gaba za su ɗauka. Daga nan ake farawa, ba daga hoton garmar da ta burge shi ba. In injin motar na gazuwal ne, ga ƙofa 4, to injin da gidan sun riga sun cinye wani kaso na wannan nauyi, abin da ya rage wa garma kaɗan ne. Masu ƙera ta irin su Western da Fisher da Boss duk suna da shafin da ake sa shekarar mota da samfurinta, su nuna wadda za ta iya ɗauka. Ƙarfen ɗaurawa ma kowace mota da nata, wanda aka cire daga Ram ba zai zauna a Ford ba. Sai ya duba ko dinamo da batir za su iya, don famfon da ke ɗaga garmar, lantarki yake sha, kuma ya san za a sa nauyi a bayan akori, buhunan yashi galibi, don kada bayan motar ya yi sakayau.

Garmar iri biyu ce ta fi yawa: miƙaƙƙiya, da mai fukafukai biyu da ke lanƙwashewa kamar harafin V. Ta biyun ta fi fasa dusa mai kauri, tana kuma iya tattarawa kamar cokali, amma ta fi nauyi, ta fi tsada, ta fi abin lalacewa. Mai farawa miƙaƙƙiya ta ishe shi.

Maganar fili kuwa, ni ban goyi baya ba, bana dai. Sabuwar garma miliyoyin sefa ce, aikin kuma wata 4 ko 5 ne a shekara. A can ana ƙulla yarjejeniya da masu gidaje tun kaka, kuma cikin unguwanni da yawa masu tarakta da injin feshe dusa ne suka riƙe aikin. Ya tambayi kuɗin inshorar sana'ar tukuna. Ya yi hunturu ɗaya yana tuƙa wa wani, ya ga yadda ake tashi ƙarfe 3 na dare, ya ga yadda gishirin da ake watsa wa titi ke cin ƙarfen mota. In ya fito yana so har yanzu, ya nemi ta hannu. Fili a Maraɗi ba ya tsatsa, Hajiya. Allah Ya yi masa albarka, ke kuma ki yi barcinki.

Sai wani matashi daga Zariya: "Na ga bidiyon wannan garma a Facebook. In na sa mai walda ya yi mini irinta a gaban Hilux, zan iya ture yashin da ruwa ke tarawa a kan hanya, masu shago su biya ni?"

A'a. Ɗana, ka taɓa ɗaga bokitin yashi? Mita ɗaya ta kowane gefe na busasshen yashi ya haura kilo 1,500, jiƙaƙƙe ya fi haka. Sabuwar dusa mai wannan girma sau da yawa ba ta kai kilo 200 ba. Dusa na zamewa gefe, yashi kuwa tsayawa yake kamar katanga. Garmar gaskiya tana da sifirin da ke sakinta in ta daki dutse. Ta mai waldarka ba ta da shi, duk dukan shasi ne zai sha. Ga ta za ta tare iskar lagireto, a zafin Afrilu! Kafin sati ka ƙone kuloci. Yashi aikin katafila ne da tifa, ko shebur da baro. Ka bar motar mutane, don na tabbata ba taka ba ce.

Ga wadda ta ɓata mini rai. Wani direba mai lodin hatsi tsakanin Dakoro da Maraɗi ya ce: "Makanike ya ce in ƙara ganyen sifirin 3 a kowane gefe, Hilux ɗina za ta ɗauki buhu 25. Sabbin ganye zan saya ko na tsohuwar mota?"

Ka tambaye ni wanne za ka saya, ba ka tambaye ni ko ya kamata ba. Hilux an yi ta ne ta ɗauki kusan tan 1, har da kai da yaron mota da fasinjan da kuke ɗorawa bisa kaya. Buhun gero kilo 100 ne, buhu 25 tan 2 da rabi ke nan. Ganyen da za ka ƙara abu ɗaya yake yi: ya hana bayan motar durƙushewa, ido ya ga kamar ba ta ji komai ba. Birki yana nan yadda yake. Tayoyi suna nan yadda suke, da ɗan lambarsu a gefe mai faɗin nauyin da kowace za ta ɗauka, wadda ba mai karantawa. Boris da kusoshin ƙafa suna nan yadda suke. Durƙushewar nan da ka ƙi jini ita ce bakin da motar ke faɗa maka ta gaji, kai kuma ka biya kuɗi a toshe mata baki.

Na ga wannan da idona shekarun baya. Ina cikin irin wannan mota, an ƙara mata ganye har ta yi tsayi kamar raƙumi, muna gangarowa da lodin wake, sai ga ƙafar baya ta wuce mu ita kaɗai ta shiga gona. Allah Ya kiyaye rai, amma buhuna sun fashe, mun kwana a daji, mai motar ya yi wata 2 bai yi lodi ba. Ribar buhu 15 da ya ƙara ba ta sayi ko gatarin baya ba.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne kayan da ake sawa. Mutum zai sayi mota ta miliyoyi, in an zo takalmin birki sai ya tsaya yana ciniki a kan jikka 2. Kwali ja da fari, an rubuta Toyota, shi ke nan ya yarda. Kwali ai bugawa ake yi! Jabu ya cika shaguna daga nan har Jibiya da Katsina, mai shagon ma wani lokaci da kansa zai tambaye ka, "Na ƙwarai ko mai sauƙi?" Wanda ya tambaye ka haka ya yi maka adalci, ka riƙe shi. Wanda ya rantse maka na asali ne, kuɗin kuma rabin na kowa, ka yi masa sallama. Ka riƙe tsohon da aka cire, ka auna da sabon a hannu, ka dubi rubutun da ke jikin ƙarfen. Kuma kada ka bar makanike ya je saye shi kaɗai, ba don ɓarawo ne ba, don in abu ya lalace ku biyu kuka gani.

Ganyen da ya karye a canza shi, wannan gyara ne. Na ƙari kuwa ban ba ka shawarar ko ɗaya ba. Ka yi sawu biyu, ko ku haɗa kaya da abokin lodinka ku ɗauki babbar mota.

Wani malamin makaranta daga Tsibiri yana tambaya ko ya sa ƙarfen kariya a gaban motarsa saboda dabbobi. In kana bin hanyar Madarumfa ko Tasawa da dare, yana ceton fitilu da lagireto. Amma a ɗaure shi da kusoshi a ramukan da shasi ya zo da su, kada a yi walda, kuma in motar mai jakar iska ce, wadda ke buɗewa ta kare direba in an yi karo, ka nemi wanda aka yi dominta. Cikin gari kuwa, inda yara da masu kabu-kabu suke, ƙarfen nan kisa yake ƙarawa.

Ta ƙarshe, mai neman tayoyi na hannu: ka dubi gefen taya, bayan harufan DOT akwai lamba 4 a ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ta wuce shekara 6, ko zanenta ya yi kyau, ka bar masa. In kuma ka ga hoton dutse da tauraron dusa a jiki, galibi tayar hunturun Turai ce, robarta laushi gare ta, kwaltar Gidan Rumji za ta cinye ta kafin damina.