Kuɗi na ƙaruwa, kaya na raguwa a shago: me zan tanadar wa tsufa?

Wani bawan Allah mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya turo tambaya. Shekararsa 44, ga iyali, bai taɓa aikin albashi ba balle ya sa ran fansho. Ya ce kuɗin da ke hannunsa sun fi na da, amma kayan shago sai raguwa suke. Wai ya ci gaba da tarawa a banki ne ko ya sayi dala ya ɓoye?

Alhaji, abin da idonka ya gani a shago shi ne lissafin gaskiya, ba alat ɗin banki ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take wajen 460 a hannun gwamnati ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar. Kai kuma kayanka yawanci daga waje ake shigo da su, kenan miliyan goma ta 2022 da ta yau suna kawai suka haɗa. To ka daina ƙirga jarinka da naira, ka koma ƙirga shi da turmi. Bara war haka turmi nawa ne a shago da sito, bana nawa? In sun ragu wallahi uwar kuɗi kake ci ko da littafi ya nuna riba. Kuma in za ka sa farashi ka duba nawa za ka sake saro kayan, ba nawa ka saro su ba, nan ne mutanenmu da yawa suka karye, musamman masu ba da kaya bashi sai bayan wata uku a kawo musu kuɗin da ba za su sayi rabin dila ba.

Za ka ji ana cewa hauhawa ta sauka. E ta sauka, amma gudun tashin ne ya ragu, ba kaya ne suka koma farashin da ba.

Maganar dala kuwa, ka sayi iya wadda sarinka ke buƙata. Wanda ya saya don ɓoyo a Fabrairun 2024 tana neman 1,900 a kasuwar bayan fage, kafin Afrilu ya ƙare ya gan ta ƙasa da 1,200. Haka masu ɓoye masara suka sha a 2025 da farashin hatsi ya faɗi. Ni dai ba na son mutum ya jingina tsufansa da abin da sai ya yi hasashe daidai zai tsira.

Abin da na fi so ka yi shi ne ka raba kuɗin tsufa da kuɗin shago, rabuwa ta gaske. Duk ranar Asabar ka cire ɗaya cikin goma na ribar sati, ko kaɗan ne, kafin biki da suna da masu neman rance su same shi. Akwai tsarin ƙaramin fansho da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fito da shi a 2019 saboda irinku masu sana'ar kansu, kana zubawa yadda ka samu, a lokacin da aka fito da shi kashi 40 ake iya taɓawa in ta ɓaci, kashi 60 a kulle sai lokacin ritaya. In batun kuɗin ruwa ne ke damunka ka tambaya ko za a iya sa ka a asusun da ba ruwansa da kuɗin ruwa. Kar in ruɗe ka, a shekarun da farashi ya yi ta hauka abin da fansho ya kawo bai kamo hauhawa ba, amfaninsa dai hannunka ba ya kai wa gare shi cikin sauƙi.

Sai Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, tun 2017 ake fitar da shi ana gina tituna, da naira dubu 10 ma ana shiga, duk wata shida a biya ka kuɗin haya. In abin ya taru ka sayi fili, amma mai takarda, ka je ka taka da ƙafarka ka kuma tambayi mai unguwa.

Banki na kuɗin juyawa ne da na asibiti. Ka tuna inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya rushe, iyakarta miliyan 5 ce ga mai ajiya a banki ɗaya, waɗanda suka haura haka a bankin Heritage da aka rufe a Yunin 2024 sai jira suka koma yi. Duk wanda kuma ya zo maka da zancen ninka kuɗi a wata ɗaya ta waya, ka tambaye shi ina CBEX ta kwana, wadda ta yi irin wannan alƙawarin ta rushe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025.

Ka fara da ƙirga turamen nan wannan satin, ka rubuta adadin da kwanan wata, ka turo min in ga ko ɗaya cikin goman ma shagon zai iya ɗauka.